Katin da mai rabo yake kifewa a teburin blackjack

A gidajen cacar Amurka, mai rabon karta a blackjack, wasan da ake neman haɗa maki 21 ba tare da an wuce ba, yana ajiye wa kansa kati biyu, ɗaya a buɗe, ɗaya a kife. Ni lissafin wasan ne ya ja ni, ba cacar ba, kuma a ganina sirrin teburin yana ƙarƙashin katin kifen nan.

Ka fara da kallon na buɗen. In A ne (katin da kan iya zama maki 11), ko mai darajar goma (10, J, Q, K), mai rabo zai leƙa na ƙasa, don in ya haɗa 21 an gama zagayen. Kafin ya leƙa ƙarƙashin A zai yi maka tayin inshora, wato cacar gefe kan cewa katin kifen mai darajar goma ne, wadda ke biyan biyu a kan ɗaya. Ka ƙi. Masu darajar goma 16 ne cikin 52, ba su kai sulusi ba, sai sun haura sulusin abin da ya rage kafin tayin ya yi riba.

Da can da hannu ake ɗaga kusurwar katin, kuma nan ɓarakar take. Yawan lanƙwasawa yakan sa goma da A su ɗan karkace, mai ido ya gane su a kife. Wani mai rabon kuma yakan sake duba 4, saboda samanta ya yi kama da na A, jinkirin nan kaɗai ya tona masa asiri. Yanzu akwai ɗan madubi ko na'ura a jikin teburin. Mai rabo yana zura kusurwar katin ciki, alamar da aka buga a wurin ta nuna ko 21 ta cika. Shi kansa bai san ko 5 ne ko 9 ba, balle fuskarsa ta faɗa maka. A yawancin gidajen Turai ma ba ya ɗaukar kati na biyu sai kowa ya gama.

Abin da ya rage wa masu farautar ganin katin kifen shi ne mai rabo mai sakaci, wanda ke ɗaga katin sama kafin ya tura shi ƙasa. Sukan nemi teburin da ake rabo da hannu, su zauna a kujerar da ta fi dacewa, su ɗan sunkuya. Wanda ke ganin katin kowane zagaye, ya kuma san yadda zai yi da shi, rinjayensa kan kai kusan kashi 13 cikin ɗari. A 1984 Kotun Ƙolin jihar Nevada ta ce gani da ido daga kujerarka ba zamba ba ne. Amma ka shigo da madubi ko kyamara, laifi ne babba.

Ƙidayar kati, wadda Edward Thorp ya yaɗa da littafinsa a 1962, ta fi suna amma ribarta ƙarama ce. A tsarin Hi-Lo kana ƙara ɗaya in 2 zuwa 6 ya fito, ka rage ɗaya in goma ko A ya fito, ka ƙara kuɗi in lissafin ya hau. Duk wahalar nan kan kusan kashi ɗaya cikin ɗari ce, kuma a Las Vegas gidajen caca suna da ikon sallamarka da zarar sun gane ka. Kafin komai ka karanta rubutun kan teburin: in blackjack, wato haɗa 21 da kati biyun farko, na biyan 6 a kan 5 maimakon 3 a kan 2, gidan ya ƙara wa kansa kusan kashi 1.4, ya riga ya cinye ribar ƙidayar taka.