Yadda Za Ka Tantance Labarin Maƙarƙashiya Kafin Ka Tura Shi Gaba

A majalisun Kaduna, daga teburin mai shayi a Tudun Wada har zuwa zaurukan WhatsApp na 'yan boko, da wuya a tashi hira ba a sako zancen hukumomin leƙen asiri ko ƙungiyoyin asiri ba. Wani zai ce Amurka ce ta kitsa kaza, wani ya ce 'yan Illuminati ne ke juya shugabanni da mawaƙa, na uku kuma ya ja tsaki ya ce duk ƙanzon kurege ne. Shi ma na ukun bai tsira daga kuskure ba, domin tarihi cike yake da maƙarƙashiyar da aka ƙulla da gaske, aka yi ta musantawa shekara da shekaru, daga bisani takardu suka fito suka tabbatar da ita. Saboda haka abin da mai hankali ke buƙata shi ne hanyar da zai bi ya rarrabe wadda ke da hujja da wadda aka ɗora a kan zato.

Ka fara da sanin waɗanda suka tabbata, ka kuma lura da yadda asirinsu ya tonu. A 1953 hukumar CIA ta Amurka da takwararta MI6 ta Ingila suka shirya kifar da Firaministan Iran, Muhammad Musaddiƙ, bayan ya mayar da man fetur ɗin ƙasarsa hannun gwamnati, kuma sai a 2013 CIA ta saki takardun da ta amsa rawar da ta taka. A 1975 kwamitin majalisar dattawan Amurka ƙarƙashin Sanata Frank Church ya gano cewa CIA ta aika guba Kwango domin a kashe Patrice Lumumba, Firaministan ƙasar na farko. Ba da gubar aka kashe shi ba, harbe shi aka yi a lardin Katanga na Kwango ranar 17 ga Janairu, 1961, a gaban jami'an Beljiyam, ƙasar da ta nemi afuwa a 2002 bayan binciken majalisarta. Idan ka duba waɗannan da kyau za ka ga suna da sunayen mutane, da ranaku, da wasiƙu, da manufa guda wadda ake iya faɗa a jimla ɗaya. Maƙarƙashiyar gaske mutane ne ke yin ta, masu karɓar albashi, masu rubuta rahoto, masu yin ritaya su yi magana, shi ya sa take barin sawu.

Da wannan ma'aunin sai ka ɗauki labarin da aka turo maka ka tambaye shi: wa ya aikata, me ya aikata, yaushe, kuma a ina? Muddin amsar ba ta wuce "su" ko "Turawa" ko "manya" ba, to ba a ba ka abin da za ka bincika ba tukuna. Ƙungiyar Illuminati ta wanzu da gaske. Wani malamin shari'a mai suna Adam Weishaupt ne ya kafa ta a garin Ingolstadt na yankin Bavaria a Jamus ranar 1 ga Mayu, 1776, mahukuntan yankin suka haramta ta a tsakanin 1784 da 1785, suka kwashe takardunta suka buga su kowa ya karanta. Wanda ya ce tana nan har yau tana mulkin duniya, shi ne zai kawo hujjar abin da ya faru bayan rushewarta, kuma hoton wani mawaƙi da ya rufe ido ɗaya da hannu ba ya cikin abin da ake kira hujja.

Daga nan sai ka bi salsalar labarin. Mu da muka tashi muna jin malamai na tantance isnadin hadisi, suna tambayar wa ya ji daga wa, bai kamata wannan ya zama mana baƙon aiki ba. Saƙon murya ya iso wayarka, a samansa an nuna cewa an yi ta tura shi, mai maganar bai faɗi sunansa ba, sai dai ya ce wani babban jami'in tsaro ne ya tsegunta masa, ya rufe da roƙon ka tura wa duk wanda kake ƙauna don Allah. Ka tambayi wanda ya turo maka inda ya samo shi, shi ma ya tambayi nasa. Galibi kafin mutum na uku igiyar ta tsinke. Dalilin da ya sa na ɗauki wannan mataki da muhimmanci shi ne, wani lokaci su hukumomin leƙen asirin ne da kansu ke ƙirƙiro labarin maƙarƙashiya. A 1983 wata ƙaramar jarida a Indiya ta buga wasiƙa marar sa hannu da ke cewa sojojin Amurka ne suka haɗa ƙwayar cutar ƙanjamau a ɗakin gwaji. Jaridun Tarayyar Sobiyat suka ɗauka, daga nan ya bazu a Afirka da sauran duniya, sai a 1992 shugaban leƙen asirin Rasha na waje, Yevgeny Primakov, ya amsa cewa aikin KGB ne, wato hukumar leƙen asirin Tarayyar Sobiyat. Dubban mutanen da suka yaɗa labarin suna ganin sun tona asirin wata hukuma, ashe aikin wata hukumar suke yi kyauta.

Mataki mafi wahala a ganina shi ne raba zaluncin da ya faru da ƙaryar da ta hau bayansa, domin a nan ne zuciya kan rinjayi tunani. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano cikin wani gwaji da ya ƙunshi yara kusan 200. Yara 11 sun rasu, wasu sun nakasa, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kamfanin kuma ya dage cewa cutar ce ta yi kisan. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wannan ciwo ne na gaske, kuma duk wanda ya raina shi bai san mutanenmu ba. Amma a 2003, da aka dakatar da rigakafin shan-inna a wasu jihohin Arewa bisa zargin an zuba maganin hana haihuwa a cikin ɗigon, abin da aka yi shi ne jingina wani zargi dabam a jikin wancan ciwon. Kano ba ta koma rigakafin ba sai a Yulin 2004, da maganin da aka sayo daga Indonesiya, kuma kafin nan cutar ta tsallaka zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, yara da dama suka shanye har abada. Su ma hukumomin leƙen asiri ba su taimaka ba, domin a 2011 CIA ta fake da rigakafin ciwon hanta a Abbottabad ta Pakistan tana neman Usama bin Ladan, abin da ya ƙara jefa ma'aikatan lafiya cikin hatsari. Idan aka ce maka ruwa ba ya tsami banza, ka amsa da cewa haka ne, sannan ka nemi a nuna maka hujjar wannan zargin shi kaɗai, ba ta wanda ya gabace shi ba.

Ka kuma tambayi mai labarin abin da zai gani ya janye maganarsa. Idan rashin hujja ma ya zama hujja a wurinsa, wai sun ɓoye ne, to babu binciken da zai gamsar da shi. Haka nan ka saba da barin magana a buɗe idan shaidu ba su kai ba. An kashe ɗan jarida Dele Giwa da bam ɗin da aka aiko a ƙunshin saƙo a Legas ranar 19 ga Oktoba, 1986, kuma har yau kotu ba ta hukunta kowa ba. Adalci shi ne ka faɗi abin da shaidu suka faɗa da sunayensu, ka tsaya inda suka tsaya.

Mu mazauna Kaduna muna da gatan da da yawa ba su da shi, domin takardun tarihi suna kusa da mu. A ofishin adana kayan tarihi na ƙasa da ke cikin gari akwai fayilolin Sakataren Lardunan Arewa, masu lambar SNP, da na larduna irin su Kanoprof, wato na lardin Kano, inda za ka ga yadda Turawan mulki suke rubuta rahoto a kan sarakuna da malamai da 'yan siyasa. Akwai kuma Arewa House a titin Rabah, tsohon gidan Sardauna, wanda ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Kafin ka je, ka san shekarar da kake nema da hukumar da ke aiki a lokacin: sashen musamman na 'yan sanda ne ke leƙen asirin cikin gida kafin a kafa hukumar tsaron ƙasa ta NSO a 1976 bayan kisan Janar Murtala, ita kuma gwamnatin Babangida ta rushe ta a 1986 ta raba aikinta tsakanin SSS ta cikin gida da NIA ta ƙasashen waje da DIA ta soja.

Idan abin da kake nema na kwanan nan ne, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ka damar rubuta wa hukumar gwamnati ba tare da ka faɗi dalilinka ba, kuma ta ba ta kwana 7 ta amsa. Ka fayyace takardar da kake so da shekararta, ka kai kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan naka. Hukuma na iya ƙin bayarwa idan abin ya shafi tsaro, amma wajibi ne ta rubuto maka dalilinta, kai kuma kana da kwana 30 ka kai maganar gaban kotu.