Yadda za ka sa sikirif ɗinka ya tashi da kansa da zarar ka shiga kwamfuta

In dai kullum ka kunna kwamfuta sai ka buɗe taminal ka buga umarni iri ɗaya, to gaskiya wannan wahalar ba dole ba ce, Linux zai yi maka in ka zuba umarnin a sikirif, wato fayil mai ɗauke da jerin umarni. Amma fa ka fara gane abu ɗaya: tashin kwamfuta daban, shigarka cikinta daban. Kafin ka sa fasawod babu destof, babu inda taga za ta buɗe, shi ya sa za ka ga mutum ya saka Firefox a cron (manhajar da ke gudanar da ayyuka a lokacin da aka tsara mata) da @reboot, wato da zarar kwamfuta ta tashi, yana ta jira shiru, ai cron ya riga ya wuce tun kafin ka shigo.

Wurin da muke so shi ne foldar ~/.config/autostart (alamar ~ tana nufin foldarka ta /home/sunanka). Nau'o'in destof na Linux irin su GNOME da KDE da XFCE da Cinnamon duk suna leƙa ta da zarar ka shiga, su tayar da abin da ke ciki, saboda ƙa'idar freedesktop.org suke bi. A ɓoye take, danna Ctrl+H a manhajar duba fayiloli za ka gan ta, in kuma babu sai ka buga mkdir -p ~/.config/autostart.

A ce kana so duk shigar da ka yi a kwafe maka Documents zuwa filas. Buɗe sabon fayil a cikin /home/sunanka, ka sa masa suna ajiya.sh, ka rubuta wannan (ka canza sunanka da sunan akawun ɗinka, FILAS kuma da sunan filas ɗinka):

#!/bin/bash
sleep 20
rsync -a /home/sunanka/Documents /media/sunanka/FILAS/ >> /home/sunanka/ajiya.log 2>&1

Wannan sleep 20 ɗin kar ka raina shi. Sikirif ɗin yakan riga filas ɗin bayyana, ko ya riga intanet haɗuwa, sai ya tarar ba komai ya mutu, daƙiƙa 20 ɗin nan ita ke ba su damar kintsawa. Ƙarshen layin kuma yana zuba duk ƙorafin da ya taso a ajiya.log, ranar da abu ya ƙi nan za ka duba. Sai ka ba shi izinin aiki da chmod +x ajiya.sh, mutane da yawa nan suke mantawa.

Yanzu a cikin autostart ka ƙirƙiri ajiya.desktop:

[Desktop Entry]
Type=Application
Name=Ajiya
Exec=/home/sunanka/ajiya.sh

Layin Exec ɗin nan shi ne ke ba mutane ciwon kai, don ba taminal ba ne, bai san ~ ba, bai san && ba, in ka rubuta su ba zai ce maka uffan ba kawai dai aikin ba zai yiwu ba. Rubuta cikakken adireshin fayil tun daga /home, duk wani haɗe-haɗen umarni kuma ka bar shi cikin sikirif ɗin, ni dai hakan ya fi min tsafta. Kuma don Allah kar ka sa sudo (umarnin neman ikon admin) a ciki, ba wurin da zai tambaye ka fasawod.

Gwaji ba sai ka kashe kwamfuta ba, fita daga akawun ɗinka ka sake shiga ya wadatar. In kwamfutar ta jama'a ce kamar ta kafe ko makaranta, a /etc/xdg/autostart ake ajiye fayil ɗin don ya hau kan kowa. Wanda ba ya son rubutu, Linux Mint na da Startup Applications, XFCE kuma Session and Startup, irin wannan fayil ɗin suke rubuta maka a bayan fage.

Masu Windows naku da sauƙi, danna maɓallin Windows da R, buga shell:startup, jefa shotkot ko fayil ɗin .bat a foldar da ta buɗe shike nan.

Sai dai in laftof ɗinka mai RAM 4GB ce kar ka cika mata kaya, kowanne ka ƙara sai shiga ta ƙara nauyi. Wanda ka daina buƙata ka goge fayil ɗinsa, ko ka ƙara layin Hidden=true a ƙasa in kana ganin za ka dawo masa.