Yadda Za a Gane Shirin da Aka Yi wa Taron Dangi Wajen Ba da Maki

Da yawa daga cikinmu Hausawan Makka da Jidda mun saba duba makin da masu kallo suka bai wa shirin talabijin kafin mu kunna shi a gida, amma wannan maki yakan yaudari mutum idan jama'a sun yi wa shirin taron dangi, wato dubban mutane sun afka masa da mafi ƙarancin maki domin nuna fushi. Haka ta faru a farkon 2023 da kashi na 3 na shirin The Last of Us na tashar HBO, wanda ya ba da labarin soyayyar maza biyu. Masu sharhi sun yaba shi, amma a IMDb da Metacritic, shafukan intanet da masu kallo ke bai wa finafinai da shirye-shirye maki, sai aka yi masa ruwan maki 1, wasu kuma suka rama da maki 10.

Abu na farko shi ne kada ka tsaya a jimlar maki. A IMDb, danna kan lambar domin ka ga yadda ƙuri'un suka rabu daga 1 zuwa 10. Shirin da ya gaza da gaske, ƙuri'unsa sukan bazu a tsakiya, amma idan ka ga sun taru a ƙarshen nan da ƙarshen can, tsakiya kuwa fayau, to faɗa ake yi a wurin. Sai kuma ka kwatanta makin wannan kashin da na sauran, domin idan guda ɗaya ne kawai ya faɗi warwas, dalilin yana cikin abin da kashin ya ƙunsa. Duba ranakun sharhin ma, saboda gajerun kalamai masu kama da juna da suka kwararo a yini ɗaya alama ce bayyananniya.

Kamfanonin sun san matsalar. A 2019 shafin sharhin finafinai na Rotten Tomatoes ya hana masu kallo rubuta sharhi kafin fim ya fito, a 2022 kuma Amazon ya riƙa jinkirta sharhin masu kallo na tsawon awa 72.

A ganina, magidancin da damuwarsa ita ce abin da 'ya'yansa za su gani ba ya buƙatar maki ko kaɗan, domin lamba ba za ta gaya masa abin da ke ciki ba. Sashen Parents Guide na IMDb ya fi amfani, tunda yana bayyana wuraren tsiraici, zubar da jini da zage-zage dalla-dalla. Kada a dogara ga tacewar hukuma kaɗai. Gaskiya ne ba a nuna fim ɗin kartun na Lightyear a sinimomin Saudiyya ba a 2022, kuma a watan Satumba na shekarar ƙasashen yankin Gulf sun nemi Netflix ya cire abin da ya saɓa wa ɗabi'un Musulunci, amma abin da ke shigowa ta wayar yaro ya wuce haka. A manhajojin kallo irin su Netflix, buɗe wa yara shafinsu daban, ka ƙayyade shekaru, ka kulle naka da lambar sirri.

Idan kuma kana son bayyana ra'ayinka, ka rubuta abin da ka gani da dalilin da ya sa bai dace da gidanka ba, ba tare da zagin 'yan wasan ko wasu mutane ba. Wanda bai kalli shirin ba kuwa, ya bar wurin makin ga waɗanda suka kalla.