In injin kwale-kwalenka ya ki tashi, dakata da jan igiyar nan

Wallahi abin na damuna in ga mutum a bakin ruwa, ko a Yauri ko a Baga, yana ta fizgar igiya har kafada ta sage, fasinja na ta surutu, alhali da ya tsaya minti biyu ya duba da tuni sun kama hanya. Injina irin Yamaha Enduro din nan, masu karfin doki 15 ko 40, abu uku kawai suke nema: mai, iska da wuta.

Fara da kananan abubuwa. Giya tana firi? Jar igiyar nan ta kashe inji da ake daurawa a hannu, makalarta tana wurinta? In ta fita ko kwana kayi kana ja ba zai tashi ba.

Sai mai, kuma gaskiya yawanci anan matsalar take. Kwance dan kusan dake kan murfin tanki iska ta shiga, mutane na yawan mantawa dashi. Matsa robar famfon dake jikin tiyo har kaji tayi tauri, in taki tauri to ko tiyon ya tsage yana zukar iska ko bai zauna daidai a bakin inji ba, ka kuma duba kibiyar dake jikin robar, inji ya kamata ta kalla ba tanki ba. Fetur din jarka kuwa kar ka yarda dashi ido rufe, tsiyaya kadan a kwalba ka ajiye, in da ruwa zaka ganshi ya kwanta a kasa, to sai ka zubar, ka wanke filtar dake tace mai, ka kwance kusan kasan kafireta abinda ya taru ya fita. Bakin mai kuma a auna shi don Allah, a injin da ake hada fetur da bakin mai 50 da 1, rabin lita kenan a lita 25 na fetur. In ka labta da yawa wai don inji yaji dadi, fulogi ne zai toshe.

In inji na sanyi ja cok, wato dan abin nan dake rage iska don mai ya karu, da ya amsa ka mayar. In kuma ka dade kana ja kana jin warin fetur, ya sha mai kenan, mayar da cok, ciro fulogi ka goge ya bushe, ja igiya sau biyar ko shida ba fulogi sannan ka daura.

Don gwada wuta, saka fulogin a hularsa ka dora jikinsa kan karfen inji nesa da ramin fulogin, wani ya ja. Shudiyar wuta lafiya lau. In babu, gwada sabo, in shima shiru to kwayil ne ko waya, kira makanike, kar ka taba abinda baka sani ba.

In ya tashi kar ka bar bakin ruwa sai kaga ruwa na tsartowa ta bayan inji, in babu kashe shi nan take tun bai kone ba. Kuma fulogi biyu da sifanarsu da filafili su zauna cikin jirgi kullum.