Yadda ake shuka wake da yara a cikin aji

Malamai 'yan'uwana, musamman masu 'yan nazire da aji ɗaya, in kuna so yara su ga tsiro da idonsu ba zane a allo kawai ba, to wake za ku nema. Kwana 3 zuwa 5 ya leƙo, ƙaramin yaro kuwa ba zai iya jiran abin da zai kai sati biyu shiru ba.

A fara da tsince irin, a fitar da wanda ƙwari suka huda. Don Allah kar a kawo irin nan da aka cuɗa da magani, yara komai baki suke kaiwa. A jiƙa shi da daddare zuwa safe.

Mazubi ba sai an saya ba, kowa ya zo da gwangwanin madara ko robar lemo da aka yanke. Hudawa aikin malami ne, sa ƙusa ka yi huji uku a gindi don ruwa ya riƙa tsiyayewa. A cika da ƙasa mai yashi-yashi da ɗan busasshen takin awaki, kowane yaro ya tura yatsa iya gaɓa ɗaya ya jefa ƙwaya biyu ya rufe, sai a rubuta sunansa a jiki, in ba haka ba gobe akwai rigima.

Wajen ban ruwa ake samun matsala, don su gani suke yawan ruwa shi ne kulawa, kana juya baya sun mai da gwangwani tafki, waken ya ruɓe. Murfin roba uku da safe ya isa, ka koya musu su taɓa ƙasar tukuna, in da danshi a bari.

Abin da na fi so shi ne wannan: samu roba guda mai garai-garai ka cusa jiƙaƙƙiyar auduga, ka maƙale wake tsakaninta da jikin robar. Nan za su ga saiwa ce ke fara fitowa, fara tas, kuma ko ta yaya ƙwayar ta kwanta ƙasa take nufa. Za ka ji ana "Malam, ya yi ƙafa!" Wani gwangwanin kuma a sa shi cikin kwaba, bayan sati a fito da shi ya yi tsawo ya yi ɗorawa ba ƙwari, su kwatanta da na bakin taga.

Ranar Juma'a a ba su ruwa sosai, a janye su daga rana, a rufe taga da ƙofa saboda awaki. Lokacin hunturu tsiron yakan ɗan yi nawa, kar a yi saurin tonowa. Sati biyu ya yi, kowa ya ɗauki nasa ya kai gida a dasa.