Kafin ka tura kuɗin tsohon faifai ta intanet

Mai sayen waya a kasuwar Farm Centre ta Kano yakan kunna ta a gaban mai shago ya gwada. Mai sayen faifan garmaho ta intanet kuwa hoto kawai yake gani, kuma yawanci hoton bango ne. Bango na iya yin kyau, faifan ciki duk karce. Saboda haka ni ba na fara ciniki sai na ga faifan kansa.

Wuraren nema ba su da wuya. Akwai Discogs, wanda aka kafa a 2000, nan ne matattarar masu tara faifai na duniya. Akwai eBay, sannan a gida akwai Jiji da zaurukan Facebook. Ko a Jiji za ka saya, fara leƙa Discogs ka ga nawa ake sayar da irinsa, kada a yi maka farashin baƙo.

Masu sayarwa na waje suna da haruffan da suke auna lafiyar faifai da su. NM kusan sabo ne. VG+ ya ɗan sha hannu amma sautinsa garau. VG za ka ji ƙaras-ƙaras a inda kiɗa ya lafa. Daga G zuwa ƙasa, bar shi, sai in faifan da ba a samu ne. Haruffan biyu suke zuwa, na faifai daban, na bango daban. Amma fa mai kaya ne ya auna kayansa, don haka duba abin da waɗanda suka saya a hannunsa suka ce.

Faifan da aka buga a Najeriya, na kamfanin EMI ko Decca ko Tabansi, da wuya ka same shi NM. An yi biki da su, an yi suna da su, allura ta ci rabonta. In wani ya ce nasa fes yake, ƙara bincike. Saƙon da nake turawa ba ya wuce haka: "Alhaji, barka da kasuwa. Don Allah a karkata faifan a hasken taga a ɗauko min gaba da baya, sannan a ɗora shi a yi min bidiyo yana juyawa." A bidiyon za ka ga ko ya lanƙwashe, don hannun allura zai riƙa hawa yana sauka. Ka nemi hoton lambar da aka zana a fili mai santsi kusa da takardar tsakiya, da ita ake gane bugun asali da na baya. Wanda ya ƙi bidiyo, yi masa sallama.

Tambayi gudu kuma, wato yawan juyawar faifai a minti ɗaya: 33, 45 ko 78. Na 78 ba roba ba ne, yana fashewa in ya faɗi, allurarsa daban, kuma na'urori da yawa ba sa juya shi.

Inda aka fi yin asara shi ne hanya. Zafin Kano a Maris da Afrilu yakan haura digiri 40, faifai kuwa ba ya shiri da zafi. In daga Legas za a sako shi a mota, ka ce a zare shi daga bango, a haɗa su tsakanin kwalaye masu kauri, kada a sa kusa da inji ko ƙarƙashin buhu. Direba na kira ka tafi tasha, kada ya wuni a rana a Sabon Gari. Na waje kuma lissafa kuɗin aike da na kwastam tukuna, sau da yawa sun fi kuɗin faifan. Baƙon mai sayarwa a Facebook ba na ba shi kuɗi duka, sai in ina da wanda zai je ya karɓa hannu da hannu.

Da ya iso, goge ƙura da tattausan ƙyalle kana bin zagayen layin, ka jingine shi a tsaye nesa da taga. Ka saurare shi gaba da baya a ranar, don in akwai ƙorafi ka yi shi da wuri.