Darasi na 7: Takardar albashin mai kula da kai

A Ingila, tsoho ko mai naƙasa da ke buƙatar taimako yana iya karɓar kuɗi kai tsaye daga ƙaramar hukuma, ya ɗauki mai kula da shi da kansa. Tun 1997 ake wannan tsari. Daɗinsa, kai ne ka zaɓi wanda zai shigo ɗakinka. Nauyinsa kuwa, ka zama uban gida a idon doka, kamar mai kamfani.

Cikin abin da ya hau kanka akwai takardar albashi. Dole mai aiki ya same ta ranar biya ko kafin ranar. Ta takarda ce ko ta intanet, doka ta yarda. Za ta nuna jimlar albashi, abin da aka cire, da abin da ya rage. Daga 6 ga Afrilu 2019 an ƙara sharaɗi: idan albashi yana hawa da sauka bisa awannin aiki, sai an rubuta yawan awannin.

Mu yi lissafi. A ce mai kula da kai ta yi awa 20 a mako, kowace awa fam 13. Mako huɗu awa 80 ke nan, kuɗinta fam 1,040. A ce an cire fam 48 na haraji da inshorar ƙasa (wani kaso da gwamnati ke karɓa daga albashi) da fansho. Abin da zai shiga asusunta fam 992.

Mutane da yawa ba sa yin lissafin nan da kansu. Sukan ba kamfanin lissafin albashi, shi ya tura bayani ga HMRC, hukumar haraji, ya kuma fitar da takardar. To, nan gizo ke saƙa.

Mu ɗauki misalin wata Hajiya da idonta ya yi rauni. Wayarta na da manhajar da ke karanta mata rubutu da murya, TalkBack a Android ko VoiceOver a iPhone. Ƙarshen wata saƙo ya shigo: ta shiga shafin kamfani, ta sa kalmar sirri, ta kwafi wasu karkatattun haruffa. Da ƙyar ta wuce. Ta buɗe takardar, waya ta yi gum. Ashe hoton takarda aka ɗora, ba rubutu ba, manhaja kuwa ba kasafai take karanta hoto daidai ba. Wani watan rubutu ne, amma murya ta yi ta zubo lambobi a jere, ba a san wanne ne haraji wanne ne fansho ba.

Sai ta miƙa wa mai kula da ita wayar.

"'Yata, duba min, daidai ne?"

"Daidai ne, Hajiya."

Wataƙila daidai ɗin ne. Amma wadda ake biya ita ta zama mai tantance albashinta, ga kalmar sirri a hannunta. Ko yarinyar kirki ce, an ɗora mata abin da ba nata ba. In kuma kamfani ya rubuta awa 60 maimakon 80, ko aka biya ƙasa da mafi ƙarancin albashi, Hajiya za a tambaya, domin ita ce uwar gida.

Saboda haka kada ka ji kunyar neman gyara. Dokar daidaito ta 2010 ta wajabta wa masu ba da hidima su yi wa mai naƙasa sauƙi daidai gwargwado. Ba alfarma kake roƙo ba. Ka faɗi abin da ya dace da kai: manyan haruffa a takarda, rubutun makafi, fayil ɗin da manhajar murya ke iya bi layi-layi, ko a kira ka a karanta maka. Gara ka yi wannan tambaya tun kafin ka sa hannu da kamfani, ka ce su aiko samfuri ka gwada a wayarka. In sun yi kunnen uwar shegu, kai ƙara wurin ma'aikacin ƙaramar hukuma mai kula da kuɗinka.

Ita ma mai aikin a tambaye ta yadda take so a ba ta takardar. Ba kowa ke da babbar waya ko imel ba, kuma takardun nan za ta nuna in ta je neman gidan haya.

Ka riƙa ajiye kwafi a wurinka, kada ka dogara da shafin kamfani, don ranar da kuka rabu ƙofar na iya rufewa. Shekarar haraji kan fara 6 ga Afrilu ta ƙare 5 ga Afrilu, kuma bayanan albashi ana ajiye su aƙalla shekara 3 bayan ƙarewarta.

Aiki

1. Mai aiki ta yi awa 15 a mako, fam 13 kowace awa. Nawa ne kuɗinta na mako huɗu?
2. Rubuta wa kamfani jimla biyu, ka faɗi yadda kake so a riƙa aiko maka da takardar albashi.